Ranar da rairayin Marib ya kusa ba ni kunya

A baki aikin ba wuya: in ƙiyasta yawan mutanen da ambaliya za ta iya ci a Marib, ƙasar Yaman. Zuwa can kuwa babu hali, tun 2014 ake gwabza yaƙi a ƙasar. Sai na duƙufa kan hotunan Sentinel-1, tauraron ɗan'adam na Turai mai aiki da rada (na'urar da ke harba sigina ƙasa ta karɓi abin da ya dawo), wanda gajimare ko duhun dare ba sa hana shi gani.

A hoton rada ruwa baƙi ƙirin yake fitowa, domin shimfiɗaɗɗen ruwa ba ya maido da siginar da aka harba masa. Da na buɗe hoton farko na ga baƙi ya malale ko'ina, har na fara murna. Ashe busasshen rairayi ma haka yake fitowa, kwalta ma haka. Allah ya taimake ni ban aika ba. Na koma na jera hotunan lokacin da ba a yi ruwa ba, duk inda yake baƙi tun asali na cire shi, sai "ambaliyar" tawa ta tsuke.

Ga kuma matsalar lokaci. Bayan Sentinel-1B, ɗaya daga cikin taurarin Sentinel-1 biyu, ya lalace a Disamba 2021, a lokacin sai an jira kwana 12 kafin ɗan'uwansa ya sake bi ta layi ɗaya, ruwan kwari kuwa cikin sa'o'i yake wucewa. Dole na bi sawun laka a hotunan Sentinel-2, wani tauraron da ke ɗaukar hoto irin na kyamara.

Amma abin da ya hana ni barci mutane ne. Ƙidayar ƙarshe a Yaman tun 2004 aka yi ta, kuma taswirorin yawan jama'a daga irin wannan tsohon lissafi suke tasowa. Marib kuwa ta cika maƙil da 'yan gudun hijira, har da babban sansanin Jufaina. Na ɗora taswirar ruwa kan ta jama'a, wani bakin kwari ya nuna kusan babu kowa. Da na zuƙo hoto mai kaifi, sai ga fararen tantuna a jere, wasu a cikin hanyar ruwan ma. Wanda ya gudo da kayansa a ka, ai inda ya samu fili nan yake kafa tanti.

Kwana uku na yi ina ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, har idona ya yi ja. A rahoton na rubuta adadi biyu, mafi ƙaranci da mafi yawa, kowanne da kwanan watan hotonsa.