Asabar: bikin Zabarmawa a unguwar Zariya

Sanyin bana ya hana ni fita da wuri. Bayan asuba na koma na duƙunƙune, sai wajen ƙarfe takwas na fito na tarar Inna tana dama kunun tsamiya. Ta ga babbar rigata a kan igiya, ta san yau akwai aiki. Har yanzu ba ta yarda ba wa mutane dariya sana'a ba ce. In maƙwabta suka tambaye ta me ɗanta yake yi, sai ta ce "yana rediyo", alhali gidan rediyon nan sai in an gayyace ni hira nake taka shi. Na bar ta a haka, tunda rediyo ya fi mata daɗin faɗi.

Na hau kabu-kabu zuwa bakin babbar kasuwa, wajen mai shayin da nake zama. Ba shayin ke kai ni ba, kunne nake kaiwa. Rabin abin da nake faɗa da dare a kan bencin nan nake tsintarsa da safe. Yau hirar jirgin ƙasa ake yi, layin dogon nan da aka aza harsashinsa a 2021, wanda zai taso daga Kano ya bi ta Katsina da Jibiya ya ƙare a nan Maraɗi, kilomita 284. Wani dillali, hula a goshi, ya ce shi bai damu da ranar da jirgin zai iso ba, abin da yake so a gaya masa kawai ta ina dogon zai ratsa, ya je ya sayi gonakin wurin tun masu su ba su farga ba. Wani tsoho ya kurɓi shayi ya ce masa, "Kai dai Allah shi shirye ka, ko gadon likita aka kwantar da kai sai ka saida wa na kusa da kai turmin atamfa." Nan take na rubuta a waya. Ban canza ko kalma ɗaya ba, da dare haka na faɗe ta a kan Maraɗawa gaba ɗaya.

Kafin azahar na je unguwar Zariya ganin wan ango. Mutum ne mai natsuwa, ma'aikacin gwamnati, ya zaunar da ni ya jero mini sharuɗɗa: ban da siyasa, ban da malamai, ban da maganar kishiya. Na ƙarshen nan ne ya ba ni mamaki, sai ya rage murya ya ce mahaifinsu bai daɗe da ƙara aure ba, kuma uwargida da amaryarsa duk za su zauna a sahun gaba. Na ce, "Yaya, ka cece ni." Da bai faɗa ba, da abin da na fi gwanancewa a kai ne zan buɗe da shi.

Dangin amarya ba sa son kiɗa, shi ya sa aka nemi mai magana. Gidaje da yawa a garin nan yanzu haka suke, a yi walima a ci a sha, ba kalangu ba gurmi, amma kuma ba a son taro ya yi shiru kamar zaman makoki. Ta wannan ƙofar irinmu muka samu shiga. Mun yi ciniki, ya taya, na ce albarka, muka tsaya a tsakiya, ya ba ni kafin alƙalami jaka goma, sauran sai an tashi.

Daga nan na yi tambayar da ta fi kuɗin muhimmanci: su wane ne za su zo, kuma daga ina? Ya ce su asalinsu mutanen Doso ne, dangi sun cika mota biyu sun iso tun jiya. Sai da na miƙe tsaye don murna. Ni Bagobiri ne, kakana daga Tibiri ya sauko, garin da Gobirawa suka kafa a 1836 bayan yaƙin Gawakuke, kuma zanen yana nan a kumatuna, ba ya ɓoyuwa. Tsakanin Bagobiri da Bazabarme kuwa akwai wasa tun kaka da kakanni. Abin da zan faɗa wa dattijon Doso a gaban 'ya'yansa ya yi dariya, in na faɗa wa dattijon Bakatsinen Maraɗi sai an kai ni gaban mai unguwa. Masu kallon bidiyon Turawa suna ganin wai jarumtar mai barkwanci ita ce ya faɗi abin da ya ga dama a kan kowa. A garin da wanda ka zolaya daren jiya shi ne zai ba ka bashin shinkafa da safe, ba haka lissafin yake ba. Sai ka san wanda al'ada ta ba ka izinin taɓawa. Hukumar UNESCO ta sanya wasan taubasantakar Nijar cikin jerin al'adun duniya a 2014, an yi ta murna a rediyo, ni kuwa tun kafin nan da shi nake cin tuwo.

Da la'asar wani yaro ɗan jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ya zo gida. Ya daɗe yana bina a Facebook, yana son ya fara hawa dandali a bukukuwan ɗalibai. Ya ce, "Malam, me zan riƙa kallo in koya?" Ya ciro waya zai rubuta, yana zaton sunayen 'yan Amurka zan jero masa.

Na ce ya fara da filin kokawa. In ana gasa, kada ya kalli 'yan kokawar, ya kalli 'yan cali-cali. Mutum ya ɗaura layu har ba a ganin cikinsa, ya shigo yana taku irin na zakara, ya yi kirari, ya durƙusa ya ɗebi ƙasa, sannan iska kaɗai ta kayar da shi. Dubban mutane ne a filin, wasu Hausa ma ba sa ji, kuma ba shi da mikro, amma kowa ya gane wane ɗan kokawa yake kwaikwaya. Tun da aka fara gasar takobi, wato gasar kokawa ta ƙasa, a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, mutanen nan suke rage wa fili zafi lokacin da magoya baya suka fara harzuƙa. Wanda ya iya sa mutum dariya da tafiyarsa kawai, ranar da ya buɗe baki abin ya zo da sauƙi.

Sannan ya nemi tsofaffin wasannin ƙungiyar Yazi Dogo da ake nunawa a Télé Sahel. Iyayenmu har yanzu suna maimaita maganganun ciki. Abin lura a wurinsu shi ne haƙuri: ba sa gaggawar kai wa ga abin dariya, sai sun bar ka ka san mutumin, ka san rowarsa ko tsoronsa, sannan su sake shi. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, shi kuma a fuska da lokacin yin shiru ya fi kowa, ko da yake ni ina ganin masu kwaikwayonsa sun ɗauki ihun sun bar dabarar. Samanja na Kaduna ya ɗauki Hausar barikin soja ya gina mutum guda da ita, har mutane suka manta sunansa Usman Baba Pategi. Na kuma ce ya saurari Ɗan Maraya Jos, ba don waƙar kaɗai ba. Mutum ɗaya ne da ɗan kuntiginsa, ba 'yan amshi, yana canza murya daga miji zuwa mata zuwa mai raba faɗa, ya riƙe taro shi kaɗai. Aikinmu ke nan, kuntigin ne kawai ba mu da shi.

Da yake yaron yana jin Faransanci, na ƙara masa da Mamane, ɗan ƙasarmu da ke magana a RFI. Shi ƙasa ya ƙirƙira sukutum, Gondwana, da shugabanta da ministocinta, ya zuba duk abin da yake son faɗa a can. Ba wanda zai ce da shi ake, kowa kuma ya san da wa ake. Yaron ya ce to 'yan kama fa, ya ji kakarsa tana ambatonsu. Na ce in ya samu tsohon da ya taɓa ganinsu, ya saya masa goro ya zauna. Su ne ke ɗaukar waƙar yabon sarki su mayar da ita yabon tuwo da miyar kuka, fuska a murtuke.

Ya tafi bai rubuta komai ba sai sunan Mamane.

Bayan isha'i na isa wurin biki. An toshe layi da rumfuna, mata a dama, maza a hagu, yara a kan katanga. Na buɗe da dillalin jirgin ƙasa, Maraɗawa suka yi dariyar da ake yi wa abin da aka riga aka sani. Sai na juya wajen baƙi na ce ina yi wa bayina na Doso barka da zuwa, na ji an ce sun zo da buhun zogale don ba su yarda da abincin kowa ba sai kopto. Wurin ya ɗauka. Na ƙara da ango, na ce ranar da ya je neman aure cewa ya yi, "Baba, yarinyarka ya yi mini, ina son in aure shi." Mahaifin amarya, wanda tun da aka fara bai motsa ba, sai ga shi yana goge ido da bakin rawani.

Ana cikin haka aka ɗauke kuran. Yaron sono ya ruga tayar da injin, ni kuma na ajiye mikro na shiga tsakiyar mutane, don in ka tsaya jiran wuta taron ya watse maka a hannu. Cikin duhun nan wata tsohuwa daga dangin ango, ƙanwar kakarsa ce aka ce, ta ɗaga murya da Hausarta mai karkata: "Kai Bagobiri, gara da aka kashe fitila, mun huta da ganin fuskar da kaza ta yi tono a kai." Dariyar da aka yi mata ta fi duk wadda na samu a daren. Na je na durƙusa gabanta na ce, "Iya, kin gama da ni, nawa zan biya?" Ta ce ubangiji ba ya karɓar kuɗin bawansa, ta ciro dala ɗari daga bakin zane ta manna mini a goshi. Daga nan liƙi ya ɓarke.

A gefe guda akwai Fulani abokan mahaifin amarya, can kuma wasu Barebari 'yan kasuwa. Ni ba ni da izini a kan ko ɗaya daga cikinsu, amma su suna da shi a kan juna. Da wuta ta dawo sai na miƙa wa wani dattijon Bafillace mikro na ce ya gaya mana me ya kawo waɗancan. Na koma gefe na sha ruwa, suka yi mini aikin kusan minti goma kyauta. Maganar kishiya kuwa ban kusance ta ba, ko da wani saurayi daga baya ya yi ta kiran in yi ta. Uwargida da amaryar Baba suna zaune kafaɗa da kafaɗa, kowace da nata murmushin.

Wajen sha ɗaya aka tashi. Wan ango ya cika mini sauran kuɗina ba tare da na bi shi ba, abin da ba kullum ake samu ba. Na ba yaron sono nasa, na ware na kabu-kabu, na tsaya wajen mai kilishi na sayi na Inna. Liƙin ya kusa kai kuɗin aikin, galibinsa ƙananan takardu da suka sha hannu. A hanya wani ya kira daga Tasawa, suna da suna ranar Laraba, yana tambaya ko zan rage masa tunda ba dare ba ne. Na ce ya fara gaya mini su wane ne dangin mai jego, sannan mu yi maganar kuɗi. Ya ce zai tambaya ya kira ni gobe.