Yaushe ake rushe tsohon tankin kifi mai ciyawa a sake sabo?

Tambayar da ta fi yawa a WhatsApp ɗina kenan, musamman daga waɗanda muka haɗa wa tanki shekara biyu ko uku da suka wuce: "Malam, abin nan fa ya tsufa, ko dai a zubar da komai a sake?" Ni kuma kullum amsata ɗaya ce, a bari in zo in gani tukuna. Domin shekaru ba su ne ke nuna tanki ya ƙare ba, akwai tankin da ya shekara biyar yana nan garau, akwai na wata goma da ya riga ya lalace, ya danganta da ƙasar da aka zuba da hannun da ke kula da shi.

Da yawansu gaskiya ba rushewa suke buƙata ba. Abin da ke faruwa a nan Kano, zafi na shanye ruwan, mai gida ko yaron gida sai ya dinga ƙara ruwan bohol a kai kawai, ba a taɓa ɗebe na ciki a zubar ba. Toh ruwa ne ke tashi ya bi iska, amma gishirin cikinsa da naitiret ɗin da ke fitowa daga kashin kifi suna nan suna taruwa wata da watanni. Tsofaffin kifin sun saba a hankali, shi ya sa kake ganinsu lafiya, amma ka sayo sababbin ƙananan kifi irin su gupi ko tetra ka zuba, kwana biyu sun mutu, sai a ce wai mun sayar da kifi mara lafiya. Wannan maganinsa canjin ruwa ne kaɗan kaɗan, kamar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari duk bayan kwana biyu har awon naitiret ɗin ya sauko. Kar ka kuskura ka canza rabi lokaci guda, tsofaffin ma sai su bi sahu.

Inda nake cewa a rushe, ƙasa nake fara dubawa. Ƙasar tanki ta musamman irin Amazonia ta kamfanin ADA, wanda Takashi Amano na Japan ya kafa, ƙwaya ƙwaya take zuwa kamar gero, tana ciyar da saiwa tana kuma sassauta ruwa. Amma bayan shekara ɗaya zuwa biyu abincin cikinta ya ja baya, a hankali ƙwayoyin kuma su fara narkewa. Nakan naɗe hannun riga in tura yatsa can kusurwar baya inda ba a gani, in ɗebo kaɗan in murza. In har yanzu akwai ƙwaya, takin saiwa kawai za mu cusa a ci gaba. In kuwa ta zama taɓo ta maƙale a yatsa, kumfa ta taso daga ƙasa da warin ruɓaɓɓen ƙwai, to iska ta daina shiga ƙasar nan. Sai in tumɓuke ciyawa ɗaya in duba, saiwa mai lafiya fara ce tas kuma da ƙwari, wadda ta yi baƙi tana silɓi a hannu ta gama yawo.

Sai kuma wata gansakuka mai kore da shuɗi da ke shimfiɗuwa kan ƙasa kamar fata, tana da wani ƙarni, asalinta ma bakteriya ce. Ita da baƙar nan mai kama da gemu da ke kama gefen ganye. In mun rufe tanki da bargo kwana uku ba haske, mun rage awannin fitila, mun gyara ƙarfin filta, duk da haka ta dawo ta sake dawowa, to dattin da ke ciyar da ita yana binne ne a ƙasa.

Na ƙarshe shi ne silikon, wato gam ɗin da ke riƙe gilasan tankin, kuma a nan ba na jayayya da kowa. Ni da yankan gilashin taga na fara a wajen maigidana, Allah ya ji ƙansa, shi ya koya min yadda ake goge bakin gilashi da sipirit kafin a ja silikon, kuma a ja shi da numfashi ɗaya ba tsayawa, in ya ga kumfa ko ɗaya a layin sai ya miƙo min reza ya ce "kankare ka sake, yaro." Haushi nake ji lokacin wallahi. Yanzu in na ga silikon ya yi fari yana ɓanɓarowa daga kusurwa ba na jiran komai, lita 200 na ruwa kilo 200 ne, kuma a falon mutum yake. Abin takaicin shi ne masu kwaikwayon nan da suka cika gari, su yanko siririn gilashi su manna da silikon ɗin banɗaki mai maganin fumfuna, wanda guba ne ga kifi, su sayar rabin kuɗinmu. Sai an shekara ya fara yoyo a kira ni in gyara, kuma a tsaya ana min ciniki, "haba Malam, ai wancan nawa ya yi min."

In za mu rushe, ba komai muke zubarwa ba. Ruwan tankin muke fara ɗiba a manyan robobi mu sa kifin ciki da famfon iska. Soson filta kuwa shi ne dukiyar, a cikinsa bakteriyar da ke mayar da amoniya, wato gubar da ke fitowa daga kashin kifi, ta koma naitirait sannan naitiret suke zaune, don haka a jiƙe yake zama cikin tsohon ruwa, ba ya taɓa ruwan famfo mai kilorin. Wanda ya wanke shi fes ya koma farko, sai ya jira mako huɗu zuwa shida kafin tankin ya iya ɗaukar kifi. Sabuwar Amazonia kuma tana fitar da amoniya a makonnin farko, shi ya sa kifin kan yi zaman baƙunta a shagonmu har awon amoniyar ya nuna sifili.

Ciyawa ma kowacce da halinta. Kiriptokorin in ka taɓa saiwarta sai ganyen ya narke gaba ɗaya, mutane su ɗauka ta mutu su jefar, alhali in ka bar ta za ta sake tohowa. Anubiyas kuwa ba ruwanta, tunda a jikin itace ko dutse ake ɗaure ta ba a binne gindinta, ɗauke ta kawai za ka yi ka mayar. Abin da ke ba ni dariya, asalinta daga rafukan kudancin Najeriya da Kamaru da maƙwabtansu take, amma sai an kai ta Asiya an rene ta sannan mu saye ta da tsada.

Lokaci ma ina dubawa. Afrilu da Mayu ba na son wannan aikin, ruwa na haura digiri 30, iskar cikinsa ta ragu, ga ɗauke wuta, filta ta tsaya awanni bakteriyar su fara mutuwa, ciyawar da aka dasa jiya kuma ba ta da ƙarfin jure wannan. Na fi son bayan damina ta zauna ko wajen Oktoba kafin sanyi ya kankama. Wanda ke da sola ko inbata dai muna iya yi masa kowane lokaci, sai dai ya turo min hoton ƙasar ta gefen gilashi kafin in taso.