Ƙanwata Nas, Kada Ki Auna Jini da Ido

Shekara shida na yi a ɗakin haihuwa kafin in shiga makarantar ungozoma, kuma biyar daga ciki ni na ɓata su da kaina. Na fito da takardar nas, wani asibiti a nan Zariya ya ɗauke ni, aka tura ni ɓangaren masu ciki saboda ƙarancin ma'aikata. Ban cika wata uku ba na fara karɓar haihuwa, domin da dare ungozoma ɗaya ce a kan mata bakwai ko takwas. Hannuna ya faɗa da wuri. Na iya ɗinki, ina samun jijiya ko da hasken waya ne, matan Gyallesu da Tudun Jukun in sun zo awo har tambaya suke yi ko ina nan. Duk wanda ya ce in je in ƙaro karatu, amsata ɗaya ce: me za a koya mini wanda ban gani da idona ba? Ko a 2009, da gwamnatin tarayya ta fito da shirin tura ungozomomi zuwa ƙananan asibitocin karkara, ƙawata da muka gama tare ta samu shiga saboda tana da takardar ungozoma, ni ban isa in cike fom ba. Hakan bai farkar da ni ba.

Abin da ya farkar da ni ya faru ne wani dare a watan Afrilu, ana tsananin zafi, babu wuta. An kawo wata baiwar Allah daga wani ƙauye ta hanyar Giwa, haihuwarta ta shida. Wajen ƙarfe ɗaya ta sauka lafiya, yaro ya yi kuka, mabiyiya ta fita. Na ɗauki allurar oksitosin, mai sa mahaifa ta tsuke bayan haihuwa, daga aljihun teburin da muke ajiye ta, na yi mata a cinya. Na dubi zaninta, na dubi ledar da ke ƙarƙashinta, na ce a raina jinin haihuwa ne, na saba ganin irinsa. Na auna hawan jininta ya nuna 110 bisa 70, sai na wuce wajen wata mai haihuwar fari da ke ta juyi a gado na uku.

Bayan kamar minti arba'in uwar mijinta ta zo ta tsaya a bayana, ta ce, "Sista, don Allah ki zo ki dube ta. Ta ce sanyi take ji, ga ƙishirwa." Sanyi a Afrilun Zariya. Ina taɓa wuyan hannunta na ji bugun yana gudu, siriri kamar zare. Na ɗora hannu a mararta, maimakon in ji mahaifa ta dunƙule kamar dutse, sai na ji ta laushi tuɓus, ta hau har saman cibiya. Ina dannawa gudajin jini suka zubo. Na ƙwala wa babbar ungozomarmu kira. Ita ce ta yi ta murza mahaifar, ta sa aka zuƙe fitsarin da ya cika mafitsara, ta buɗe jijiya ta biyu, ta aika a ɗauko wani oksitosin daga akwatin sanyi na masu riga-kafi, aka taso likita. Leda uku ta jini aka ƙara wa matar, ƙannen mijinta suka bayar. Allah Ya yi da sauran kwananta.

Da gari ya waye ungozomar nan ta kira ni gefe, ba a gaban kowa ba. Ta ce, "'Yata, nawa ta zubar?" Na ce, "Mama, da farko ba shi da yawa." Ta ce, "Ban tambaye ki yawa ko kaɗan ba. Nawa na ce." Sai ta tattaro zannuwa da audugar da suka jiƙe ta ɗora a kan sikelin da muke auna jarirai, ta auna busassu irinsu ta cire nauyinsu, ta ce kowane giram ɗaya mililita ɗaya ne. Abin ya haura lita guda, ban da wanda ya malale ƙasa.

Ranar na gane cewa abubuwan da nake yi kullum ban san dalilinsu ba. Mace in ta zubar da mililita 500 ko fiye cikin awa 24 bayan haihuwa, ta shiga haɗari, kuma ido kusan kullum ragewa yake yi, ba ya ƙarawa. Mafi yawan zubar jinin nan daga mahaifar da ta kasa tsukewa ne, mai haihuwa da yawa kuwa tana cikin waɗanda abin ya fi samu, don haka tun shigowarta ya kamata in sa mata ido. Hawan jinin mace mai ƙarfi yana iya tsayawa daidai alhali tana ta zubarwa, bugun zuciya ne ke fara tona asiri, ni kuma ban ƙirga shi ba. Cikakkiyar mafitsara tana hana mahaifa tsukewa. A awa biyun farko ana taɓa mara duk bayan minti 15. Oksitosin kuma wurin sanyi yake so, tsakanin digiri 2 zuwa 8, wanda ya yi makonni a aljihun tebur cikin bazara ƙarfinsa na iya raguwa ba tare da kwalbar ta nuna komai ba. Duk wannan yana cikin darasin watannin farko na makarantar da na raina.

A 2023 aka fitar da sakamakon wani babban bincike mai suna E-MOTIVE, wanda aka yi a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu a kan mata fiye da 200,000, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. An shimfiɗa wa mai haihuwa leda mai ma'auni da ke tara jini, in ya kai iyaka a haɗa magunguna gaba ɗaya: murza mahaifa, oksitosin, maganin tsayar da jini na taranekzamik, ƙarin ruwa, a duba ko akwai yagewa. Mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta suka ragu da kashi 60 cikin 100. Da na karanta sai da na tuna sikelin jarirai na Mama, Allah Ya jiƙanta.

To, na yanke shawarar tafiya, sai na sake yin wani kuskuren, wannan karon na takarda. Gurbin karatu ya fito, na rubuta neman hutun karatu, wani na gaba da ni ya ce da baki, "Ki tafi kawai, za a sa hannu." Na tafi. Ba a sa ba, ni kuma ban koma na bincika ba. Wata na huɗu albashi ya tsaya. Sai da na sayar da 'yan kunnena na zinariya na biya kuɗin jarrabawa, da na dawo kuma sa'o'ina sun wuce ni da mataki ɗaya, saboda a fayil ɗina an rubuta ba na bakin aiki. Laifina ne, don ban san dokar aikin da nake ci a ƙarƙashinta ba. Ƙanwata, kada ki ɗaga ƙafa sai takardar amincewa tana hannunki. Duk wasiƙar da kika kai ofis ki yi kwafi, a buga miki hatimin an karɓa da kwanan wata. Ki karanta yarjejeniyar shekarun da za ki yi musu aiki bayan kin dawo kafin ki sa hannu. Ranar da sabuwar takardarki ta fito, ki kai ta da kanki a saka a fayil.

Mu 'yan Zariya ba mu da uzurin nisa. Akwai makarantun Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, akwai ta asibitin St. Luke's da ke Wusasa, akwai kuma sashen koyar da aikin jinya na jami'ar ga mai son digiri. Ga wadda ta riga ta zama nas, karatun ungozoma wata 18 ne, wadda ta fara daga tushe kuwa shekara uku. Makarantu da dama yanzu suna komawa kwalejoji masu ba da difloma, saboda haka kafin ki biya ko sisi ki tabbatar Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozomanci ta Najeriya, wadda aka kafa a 1979, ta amince da makarantar da kuma kwas ɗin, kuma an yi miki rajista da ita a matsayin ɗaliba. Ita ce ke shirya jarrabawar ƙarshe, ita ke ba da lasisi, duk shekara uku kuma sai an sabunta shi bayan an halarci bita. Wannan lasisin ba ado ba ne. Ranar da abu ya ɓaci aka kafa kwamiti, ba wanda zai tambaye ki mata nawa kika karɓi haihuwarsu, za a ce ne da wace takarda kika karɓa.

Maganar gida ma ki zauna ki yi ta tun da wuri, da maigida ko da iyaye. Ki faɗa musu gaskiyar yawan kwanan da za ki yi a asibiti, ki samu mai riƙe miki yara kafin a fara, ba bayan an fara ba. Nawa biyu ƙanwar mahaifiyata ce ta riƙe su a cikin birni.

A makaranta na zauna benci ɗaya da yaran da na girme su nesa ba kusa ba, kuma a nan aka raba ni da wata ɗabi'a da na zo da ita. A wurin aikina na da mukan cike takardar bibiyar naƙuda bayan an haihu, mu zana layi mai kyau don kada a yi mana faɗa. Malamarmu ta dubi tawa sau ɗaya ta ce, "Wannan duk da biro ɗaya a zama ɗaya aka rubuta ta." Amfanin takardar shi ne ta gaya miki naƙuda ta tsaya tun uwa da ɗa suna da ƙarfi. Kan ɗa in ya daɗe a maƙale yana danne mafitsara, naman wurin ya mutu, daga nan ake samun yoyon fitsari. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da sabon tsarin bibiya wanda ke fara ƙirga naƙuda mai ƙarfi daga buɗewar santimita 5, ba 4 da aka koya mana ba. Haka ma maganin jijjigar masu ciki, magnesiyam salfet: na sha yin allurarsa, amma a makaranta na san cewa kafin kowace maimaitawa sai an ƙwanƙwasa gwiwa an ga ta motsa, an ƙirga numfashi, an auna fitsari, kuma makarinsa, kalsiyam gulukonet, yana kusa.

Kuskuren da ya fi zauna mini a rai na baki ne. Na yi shekaru ina yi wa mata tsawa in sun zo a makare. "Sai yanzu? Ina kuke tun jiya?" Akwai wata tsohuwar ungozomar gargajiya daga wata unguwa a bayan ganuwa da ta kawo yarinya bayan kwana guda ana naƙuda, na wanke ta tas a gaban jama'a, na ce su ke kashe mata. Ba ta ce uffan ba, ta gyara mayafinta ta fita. Daga ranar ba ta sake kawo kowa ba. Matan unguwarsu ba su daina haihuwa ba, zuwa wurinmu suka daina yi.

A nan Zariya Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa suka bibiyi haihuwa 22,774 tsakanin 1976 da 1979, suka gano cewa mutuwa ta fi yawa ƙwarai a cikin matan da ba su yi awo ba, waɗanda sai abu ya ɓaci ake kawo su. Irin waɗannan matan nake kora da bakina. A shekarun 1970 ɗin nan kuma likitocin Zariya suka danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan kunun kanwa da wankan ruwa mai tsananin zafi da kwanciya a gadon wuta. Sanin wannan wajibi ne, amma in kika ce wa kakar jariri al'adarta jahilci ce, kin gama da ita. Yanzu cewa nake yi, "Inna, a yi wanka, amma a sirka ruwan. Kanwar nan a rage ta sosai, hawan jininta bai sauka ba. In kin ga ƙafa ta kumbura ko tana haki in ta kwanta, ki kawo mini ita ko tsakar dare ne." Sau da yawa suna ji.

Bayan na dawo daga karatu na nemi gidan tsohuwar nan. Na je da goro da sabulu, na durƙusa na ce, "Iya, na yi miki ba daidai ba, ki yafe mini." Ta daɗe tana kallona kafin ta ce in tashi in zauna a tabarma. Muka yi da ita za ta riƙa turo masu ciki awo, masu haihuwar fari da waɗanda suka haura biyar kuma ta rako su asibiti tun naƙuda na farawa. Wadda haihuwa ta zo mata a gida babu shiri, in zani ɗaya ya jiƙe sharkaf kada ta jira na biyu. Na rubuta mata lambata a bangon ɗakinta da gawayi, jikanta ke danna mata.

Watan jiya wajen ƙarfe biyun dare wayata ta yi ƙara. Ta ce, "Sista, zani ɗaya ya jiƙe, mahaifa ba ta yi tauri ba, ina murzawa, muna cikin Keke Napep." Kafin su iso bakin ƙofa na rataya ruwa, na shimfiɗa leda mai ma'auni, ɗalibar da ke tare da ni ta tafi firji ɗauko oksitosin.