Ranar zubin dekin

Asabar, bayan isha'i.

Yau aka zuba dekin, wato rufin kankare, na wani bene a bayan gari, nan Kano. An fara ƙarfe shida da rabi don a ci rabin aiki kafin rana ta take. Kafin a tada injin kwaɓi, shugaban aikin ya tara kowa na minti goma, birkiloli da kafinta da mai ɗaurin rodi da leburori. Ya faɗi awo da ƙarfi: buhun siminti ɗaya mai kilo 50, kwanon sarki huɗu na yashi, takwas na tsakuwa, kaurin dekin inci shida. Ruwa kuwa mutum ɗaya aka damƙa wa, domin in aka bar wa masu ɗauka, ƙarawa za su yi ta yi don kwaɓin ya yi laushi, kankare mai ruwa da yawa kuma ba ya ƙarko. Daga ƙarshe ya ce duk wanda ya ga abin da bai kwanta masa ba, ko yaro ne, ya tsayar da aiki.

Wajen sha ɗaya maganar ta yi rana. Yaron kafinta da aka ajiye a ƙasa yana gadin turaku, wato sandunan da ke tokare da katakon da ake zuba kankare a kansa, ya ga ruwan siminti na tsiyaya ta wata kusurwa, katakon ya fara lotsawa. "Oga, a dakata!" Aka dakata. Turke biyu ne suka nutse, don ƙasar wurin ciko ce, kuma ba a sa musu katako a gindi ba. Cikin kwata aka ɗaga aka tokare. Babu wanda ya tsaya neman mai laifi, sai da aka tashi kafintan ya zagaya da yaransa ya nuna musu inda aka yi sake. Inda ake daka wa yaro tsawa in ya buɗe baki, da shiru zai yi, dekin ya yi ciki ko ya rufto kan mutane.

Zubi ba ya son dogon tsaiko. In na farko ya fara kamawa, sabon ba ya haɗewa da shi sosai, ta wannan gaɓar ruwa ke bi da damina. Shi ya sa abinci da sallar azahar rukuni-rukuni aka yi, injin bai mutu ba. Masu kwano da masu shebur ma suna musanya duk bayan awa guda.

Abin da ya fi burge ni da la'asar ne, lokacin da kowa ya gaji. Babban birkila ya miƙa wa wani lebura katakon shafe, ya tsaya a kansa yana cewa "ja a hankali, kar ka danne." Layin farko ya fito da tudu da kwari, ya sa shi ya maimaita. Galibin birkiloli da kwanon sarki suka fara, ranar da wani ya miƙa musu kayan aiki ce ta raba su da shi.

Gobe da sassafe za a fara ban ruwa, safe da yamma har kwana bakwai. Turaku kuma an ce kada a taɓa su sai bayan kwana 21.