Ƙugiya Ɗaya a Ruwan Niyok

A Yawuri aka haife ni, a gidan masunta, kuma tun kafin in iya karatun allo na iya ɗaura ƙugiya a jikin mamari, wato doguwar igiyar nan mai ɗaruruwan ƙugiyoyi da ake shimfiɗawa a kogin Kwara da yamma, a dawo a duba da asuba. A wurinmu yawan ƙugiya shi ne yawan rabo. Da wannan tunani na sauka a unguwar Bronx ta birnin Niyok, inda na yi shekara biyu ina tuƙin tasi ba tare da na taɓa ruwan da ya wuce na famfo ba, har ranar da wani dattijo maƙwabcina, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya ji cewa ni ɗan masunta ne, ya gayyace ni cikin ƙaramin jirgin ruwansa da ke tsibirin City Island, a nan Bronx.

Kifin da kowa ke nema a wannan gaɓa shi ne wanda suke kira striped bass, ni kuwa mai-zane nake ce masa, saboda layuka bakwai ko takwas da suka ratsa jikinsa daga kai zuwa wutsiya. A teku yake rayuwa, amma a watannin Afrilu da Mayu yakan hauro ruwan daɗi ya yi ƙwai, musamman a kogin Hudson da kogunan da ke zuba a mashigin Chesapeake. Matsayinsa a wurinsu ya yi kama da na giwan ruwa a wurinmu, kuma a 2011 an kama wanda ya haura kilo 37 a gaɓar jihar Connecticut. Mafi kyawun kotonsa shi ne wani kifi mai maiƙo da ake kira bunker, ɗan'uwan shawa, wanda ake maƙala wa ƙugiya a hanci ko a gadon baya, a sake shi da ransa yana iyo.

A fitarmu ta uku ne na gaji da wani abu. Sau huɗu ina jawo kotona in tarar da rabinsa, an gutsure wutsiya kamar da almakashi, ƙugiyar kuma tana nan a hanci ba ta taɓa komai ba. Hankalin ɗan mamari ya ba ni mafita nan take: na yanki guntun waya, na ɗaura ƙugiya mai baki uku, na soka ta kusa da wutsiyar koton, ina jin cewa na zo wa Amurkawa da dabarar da ba su sani ba. Dattijon yana can gaban jirgi, bai lura ba.

Ba a jima ba sandar ta lanƙwashe. Mai-zane ne, kyakkyawa, amma da aka ɗora shi a kan ma'auni sai ya tsaya a inci 25, alhali doka ba ta yarda a riƙe wanda bai kai inci 28 ba. Dole a mayar da shi. Matsalar ita ce ya haɗiye koton gaba ɗaya, ƙugiyata mai baki uku ta kafe can cikin maƙogwaro, jini yana fita ta gefen kansa. Muka yanke wayar, muka sake shi, ya juya ciki sama, igiyar ruwa ta tafi da shi. Na sha kashe kifi a rayuwata, amma ban taɓa kashe wanda babu mai cinsa ba, kuma abin ya tsaya mini a rai fiye da yadda na zata.

Dattijon bai yi mini faɗa ba. Ya nuna mini cewa mai gutsure wutsiya wani kifi ne daban, shuɗi mai kaifin haƙora, wanda ke biyo garken bunker yana sara daga baya. Mai-zane ba shi da haƙoran yanka, yakan zuƙe koton ne ta kai, saboda haka ƙugiyar hanci ta ishe shi, ta wutsiya kuwa ba ta ƙara komai sai rauni. Ya kuma gaya mini cewa abin da na yi ya saɓa doka, domin tun 2021 jihohin gaɓar Atilantika suka wajabta wa mai neman wannan kifi da koto ya yi amfani da ƙugiya mai da'ira, wadda bakinta ya lanƙwaso ciki. Ko kifi ya haɗiye ta, in an ja zare takan sulɓo ta fito, ta kama a kusurwar baki. Shi ya sa ba a fizgarta kamar yadda muke fizgar fatsa a gida, sai dai a bari zaren ya miƙe da kansa, kuma wannan haƙurin ya fi komai ba ni wahala, don hannuna ya riga ya saba.

Daga baya na fahimci dalilin tsananin. Kifin ya kusa ƙarewa a farkon shekarun 1980, har majalisar dokokin Amurka ta yi masa doka ta musamman a 1984, jihar Maryland ta hana kama shi na wasu shekaru daga 1985, kuma sai a 1995 aka bayyana cewa ya farfaɗo. Da ya sake raguwa, a 2023 aka matse ma'aunin, ya zama daga inci 28 zuwa 31, kuma kifi ɗaya tak ake riƙewa a rana. Ƙiyasin da hukumomin ke aiki da shi shi ne tara cikin ɗari na waɗanda ake sakewa suna mutuwa, nawa kuma yana cikinsu.

A kakar da ta biyo na kama wani mai inci 38 da ƙugiya ɗaya, a kusurwar baki, na cire ta cikin sauƙi, na riƙe shi a ruwa har ya buga wutsiya ya nutse. Da daddare na aika wa mahaifina hoton, na kira shi. Ya yaba girmansa, ya tambayi nawa na sayar. Na ce, "Baba, ai na mayar da shi ruwa, ya wuce ma'auni." Ya yi shiru, sannan na ji yana kiran ƙanensa: "Zo ka ji, a ƙasar da yaron nan yake, wai kifi yana yin girman da ya fi ƙarfin tukunya."