Intanet ta cikin wayar wuta: inda na kai da mesh ɗin gidanmu bayan sati uku

Salamu alaikum 'yan uwa masu koyon haɗa netwok irina. Yau sati uku ke nan cif da na fara aikin kai waifai sashen Hajiyarmu, na ce bari in rubuta inda aka kwana tun ban manta ba, don na san akwai masu gida irin namu da za su ci karo da abin da na ci karo da shi.

Gidan bene ne, rawuta, na'urar da ke kawo intanet gidan, tana sama a falona jikin taga saboda nan ne kawai sabis ke kamawa da kyau, sashen Hajiya kuma yana ƙasa can ƙarshen tsakar gida, tsakaninmu akwai dekin mai rodi da bango uku na bulo inci tara. Mesh, wato na'urorin waifai da ke miƙa wa juna siginal don ya karaɗe gida, nawa guda uku ne, uwa ɗaya 'ya'ya biyu. Kowace 'ya dole ta samu hanyar komawa wajen uwa, hanyar nan ce masu harkar ke kira bakhol, in ba a ja kebul ba to ta iska suke magana, yawanci a kan 5GHz, shi kuwa 5GHz da kankare ba sa ga maciji. Sai ka ga wayar Hajiya ta nuna sanda cike tam amma kiran bidiyo da ƙanwata da ke aure a nesa hoto ya daskare, murya na yankewa. Sandar nan ƙarfin da ke tsakanin wayarta da 'yar kawai take nunawa, ba ruwanta da abin da ke tsakanin 'ya da uwa. Wallahi abin ya tsaya min a rai, don kiran daren Juma'ar nan shi take jira duk sati.

Na san kebul ɗin Cat6 shi ne magani na gaskiya, yana kai mita 100 ba tare da matsala ba, amma sai an fasa bango an tono intalok ɗin tsakar gida, Baba kuma ya ce a dakata. Shi ya sa na koma kan adafta mai tura intanet ta cikin wayar wutar gida, a kwali za ku ga an rubuta Powerline. Wutarmu 230V ce a kan 50Hz, su kuma adaftocin suna ɗora siginal ɗinsu can sama, masu HomePlug AV2 daga wajen 2MHz har zuwa 86MHz, duk a cikin waya ɗaya ba mai taka wani. Iri biyu ne a kasuwa, HomePlug da G.hn, kuma ba sa jin yaren juna, don Allah kar ku sayi ɗaya nan ɗaya can. Akwai mesh da aka gina abin a cikinsa, kamar Deco P9 na TP-Link mai HomePlug AV1000 ko Deco PX50 mai G.hn, ko Magic 2 na kamfanin Devolo na Jamus. Ni da yake ina da mesh tuni, adafta biyu kawai na saya: kebul daga uwa zuwa adafta ta farko, ita ta shiga soket ɗin bango, ta biyu a soket ɗin falon Hajiya, kebul daga ita zuwa 'ya. Kafin nan na haɗa su a ɗaki ɗaya na danna madannin haɗi na kowacce don su ƙulla makullinsu na sirri, AES 128-bit, tunda siginal na iya zarcewa gidan maƙwabci in kuna layi ɗaya.

Ranar farko na yi kuskuren da kusan kowa ke yi, na soka adaftar sama a ekstenshan mai kariya daga tashin wuta. Fitilar haɗin ta ƙi kamawa sam. Kariyar nan tana tace siginal ɗin ne kamar datti, haka ma sitabilaiza da UPS. Da na mayar da ita jikin bango kai tsaye fitila ta kama, amma ja-ja take nunawa, alamar haɗin bai da ƙarfi.

A nan ne na ɓata kwana huɗu ina zargin adaftar, ashe maganar fes ce. Gidanmu fes uku ke shigowa, wato layukan wuta uku daban-daban daga kamfani, wanda ya yi wayarin shekarun baya ya ɗora sama a kan fes ɗaya, sashen Hajiya a kan wani daban. Siginal ɗin inda waya ta bi nan yake bi, daga soket ya gangara akwatin rarraba wuta, ya ratsa bireka, ya haura ɗaya layin. In fes ɗin ba ɗaya ba ne to babu tagullar da ta haɗa su, sai ɗan abin da ya tsallaka a inda wayoyin suka kwanta kusa da juna cikin bututu ɗaya, shi ya sa yake kamawa amma a raunane. Na kira mai gyaran wutarmu, dattijo ne da ya san gidan tun ina makarantar firamare, ya buɗe akwatin ya haska tocila ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya da abin gwajinsa, ya ce min "Malam, ai soket ɗin Hajiya ba a layinka yake ba." Ya duba nauyin kayan da ke kan kowane fes tukuna, sannan ya dawo da layin soket-soket ɗinta kan fes ɗina. Fitila ta koma kore kafin ya rufe murfin. Wannan ɓangaren don Allah kar wanda ya taɓa da kansa, akwatin wuta ba wajen koyo ba ne, ku kira wanda ya iya.

Ya kuma nuna min wani abu da ban taɓa lura ba, da ya kwance soket ɗin ƙasan waya biyu ce kawai a ciki, ramin sama na atin, wato wayar kariya da ke zuwa ƙasa, ba komai. Adaftocin da ke da MIMO, wato masu tura siginal ta hanya fiye da ɗaya a lokaci guda, da wayoyi ukun suke aiki, in babu atin to rabin abin da ka biya kuɗinsa ya tafi. Ku kwance... a'a, ku sa a kwance muku soket ɗin a duba kafin ku ƙara kuɗi kan mai tsada.

Wajen gwaji kuma, kar ku dogara da gwajin gudun intanet na waya, shi kamfanin sabis ɗinku yake aunawa. Na sa iperf3, manhajar auna gudu tsakanin kwamfuta biyu, a laftof biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, kowanne da kebul. Kafin gyaran fes ko Mbps 10 (ma'aunin gudun ke nan) ba na kaiwa, bayan gyara ya haura 60 da rana. Lambar da ke jikin kwali ba ita za ku gani ba, waccan gudun siginal ne a kan waya kafin a cire komai, na amfani yana ƙasa da ita nesa ba kusa ba. Ni sittin ta ishe ni, tunda abin da ke shigowa gidan ma bai kai haka ba.

Sai hayaniya. Da aka kunna sumon rijiyar burtsatse ina kallon lambobin suna zubewa a idona, da aka kashe suka dawo. Wata 'yar cajar waya ta arha da yara suka soka kusa da adaftar ita ma ta cinye kusan rabi, na cire ta na maida har sau uku don in tabbatar. Yanzu soket ɗin nan ba mai soka komai, na liƙa masa takarda.

Abin da ya fi ba ni wahala, kuma har yanzu ban gama da shi ba, shi ne inbata. Sama tana kan sola da inbata, sashen Hajiya fitilu da fanka kawai aka ɗora, soket-soket ɗinta na kan wutar kamfani. In akwai wuta, inbatar tana wuce da ita kai tsaye don haka layukan a haɗe suke, siginal na ratsawa. Da an ɗauke, inbata ta raba kanta da layin waje, soket ɗin Hajiya ya mutu, adafta da 'ya duk sun mutu. Na gwada ba su wuta da ƙaramin janareto ta can ɓangaren, suka kama, amma ba su ga uwa ba, don wayar da ke tsakani a yanke take a cenjoba. Wato dole duka adaftocin biyu su zauna a gefe ɗaya na inbata. Mun ja layi ɗaya tak daga fitowar inbata zuwa soket ɗin falonta, yanzu ko an ɗauke haɗin na nan, sai dai gudun yana sauka in ana kan batir saboda inbatar da kanta tana da tata hayaniyar.

Wani abu kuma da ya kamata ku sa wa ido: manhajar mesh ɗin tana ɗaukar haɗin nan a matsayin kebul, ba ta san wayar wuta ce a tsakani ba, don haka za ta riƙe shi ko da ya fi na iska rauni. 'Ya ta biyu da ke ƙasan matakala da na gwada mata adafta sai ta fi lalacewa, na cire na bar ta a kan iska tunda bango ɗaya ne kawai tsakaninta da uwa.

Juma'ar da ta wuce Hajiya ta yi kusan awa ɗaya tana hira da jikokinta, ina jiyo dariyarta daga sama, ko sau ɗaya ba ta kira ni ba. Damuwata yanzu damina ce, adaftocin a bango suke tsirara ba kariya, in hadari ya taso cire su nake da hannu. Mai gyaran wutar ya ce akwai kariyar da ake sawa a cikin akwatin rarraba wutar kansa, ranar Asabar zai zo ya ɗaura, ni kuma zan sake auna iperf3 kafin da bayan in ga ko ta taɓa gudun. In akwai wanda ya sa irinta a gidansa, ina so in ji yadda ta kasance masa.