Yadda na gyara saƙonnin kuskure a manhajar biyan kuɗin makaranta

Wata makarantar kuɗi a Tudun Wada ta ba ni aikin gyara manhajar da iyaye ke biyan kuɗin zango da duba sakamakon yara. Da Django (kayan gina manhajar intanet) aka gina ta, manhajar Gunicorn ke tafiyar da ita a sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da ita, manhajar Nginx na tsaye a bakin ƙofa tana karɓar buƙatun masu shiga. Kukan iyaye ɗaya ne: mutum ya biya, shafi ya fito fari fat, ya sake biya, washegari ya zo ofis da alat biyu a waya.

Kowace amsar sabar na zuwa da lambar da ke nuna yadda aka ƙare. Da na leƙa ciki sai na tarar ko me ya faru, 200 sabar ke mayarwa, wato lafiya lau. An sa kalmar sirri ba daidai ba, 200. Rumbun bayanai ya tsaya, 200, sai can cikin amsar a rubuta an samu matsala. Mutum zai karanta rubutun, amma manhajar waya da na'urar sa ido lambar suke fara dubawa. Shi ya sa matsala ke kwana ba wanda ya sani.

Rabon lambobin yana nan a ƙa'idar intanet ta RFC 9110 ta 2022: lambobin da suka fara da 4 matsalar daga mai nema take, masu farawa da 5 daga sabar. Fom ɗin da bai cika ba na ba shi 400, wanda bai shiga da sunansa ba 401, malamin da ya nufi shafin akawu 403.

Inda na daɗe ina tunani shi ne uban da zai canza lambar ɗalibi a adireshi don ya leƙa sakamakon ɗan maƙwabcinsa. In na ba shi 403, na tabbatar masa yaron na makarantar. Sai na zaɓi 404, wato babu shafin, ƙa'idar ma ta yarda a ɓoye abu ta haka. Sakamakon yaro amana ne.

Biyan kuɗi ya fi cin lokaci. Idan ba a taɓa saitin ba, Gunicorn na kashe aikin da ya wuce daƙiƙa 30, sai Nginx ya mayar da 502. In kuma Nginx ne ya gaji da jira bayan daƙiƙa 60, 504 ke fitowa. Duk cikinsu babu mai nuna kuɗi sun fita ko ba su fita ba. Kuma a lokacin Django ba ta iya magana, dole shafin ya fito daga Nginx ta umarnin error_page. Na rubuta ɗan shafi mara hoto, saboda masu ƙarancin data, da Hausa da Turanci: “Kada ku sake biya. Ku duba shafin rasit bayan minti goma.” Kowane biya na ba shi lambar shaida tasa, in ta dawo karo na biyu sabar ta mayar da 409, wato an yi karo, ta nuna rasit ɗin farko.

Na mayar da saitin DEBUG na Django zuwa False, wato na kashe shi, don a kunne yana baje kayan cikin manhaja ga duk wanda ya faɗa kuskure. Shafin 500, na kuskuren sabar, yanzu gajeriyar lambar shaida yake nunawa, irin wadda ke cikin kundin da sabar ke rubuta abin da ya faru.

Akawun makarantar, dattijuwa ce, ta ce, “Injiniya, in an kira ni me zan ce?”

Na ce, “Hajiya, ku sa su karanto muku lambar, ku turo min.”

Ranar da na rufe shafin don gyara kuma 503 nake sawa tare da Retry-After, mai faɗin lokacin da za a dawo, don Google ya san na ɗan lokaci ne. Da kundin ya fara faɗin gaskiya, sai ya nuna yawancin 502 ɗin daga jiran amsar kamfanin karɓar kuɗi suke. Na cire tantance biyan daga gaban mai biya, yanzu a bayan fage take gudana, rasit ya fito in ta kammala.